Rabin kilo ga mutum goma: Yadda gashin dankali da nama zai zauna a tukunyar Tasawa da Mayahi

Duk wanda ya taɓa bin babbar hanyar da ta tashi daga Maraɗi zuwa Damagaram ya san abin da ke biyo baya da zarar mota ta tsaya a Tasawa. Kafin fasinja ya sauke ƙafa, masu kilishi sun kewaye tagogi, kowa na miƙo nasa: ga ja mai yaji, ga fari, ga rumuzu. Mai zuwa Yamai zai saya, mai zuwa Agadas zai saya, haka ɗan ci-ranin da zai koma Aljeriya ko Legas ba ya yarda ya wuce bai ƙunshe tsarabarsa a takarda ba.

Sai dai idan mutum ya bar bakin kwalta ya shiga unguwanni, ko ya bi hanyar ƙauyukan Mayahi, labarin ya sha bamban. A gidaje da dama nama baƙo ne, sai ranar kasuwa, ko ranar suna, ko da Sallah. Idan ma ya samu, uwargida ce ke shan lissafi: maigida da rabonsa, baƙo da nasa, sannan yara su yi ta lalube a cikin miya, wanda ya dace ya samu tsoka, wanda bai dace ba ya ƙare da ƙashi.

A gefe guda kuma, wayoyin matasa cike suke da bidiyon wani girki da ke yawo a TikTok da Facebook. A shimfiɗa dankalin turawa a ƙasan faranti, a zuba niƙaƙƙen nama a kai, a sake rufewa da dankali, a tura cikin na'urar gashi, a fito da shi ya yi ja yana turiri. Da yawa sukan kalla su wuce, a ganinsu abincin masu hali ne, na gidan da ke da firji da wutar da ba ta ɗaukewa.

Tarihin girkin bai goyi bayan wannan zato ba. A gidajen talakawa ya samo asali, kuma matsalar da aka so magancewa da shi ita ce dai wadda ke gaban uwargida a Tasawa da Mayahi a yau: yadda nama kaɗan zai ishi mutane da yawa ba tare da wani ya tashi da ƙorafi ba.

Ƙasar dabbobi, tukunya ba nama

Gundumomin Tasawa da Mayahi suna ɓangaren gabas na jihar Maraɗi, kuma ƙidayar jama'a ta 2012 ta nuna kowaccensu tana da mutum fiye da rabin miliyan. Noman gero da dawa da wake da gyaɗa da riɗi shi ne abin dogaron mafi yawan jama'a, sai kiwo da ke biye da shi kafaɗa da kafaɗa. Daga Korgom zuwa Urafan, daga Maijirgi zuwa Kanambakashe da kwarin Gulbin Kaba mai cike da goriba, da wuya ka shiga gidan da babu akuya ko tunkiya a ɗaure.

Yankin Tasawa na cikin wuraren da masana kiwo ke ɗauka a matsayin tushen jar akuyar Maraɗi, wadda ta yi suna wajen yawan haihuwa da kyan fata. Kilishin da ake yi a nan ma ya wuce a kira shi abin taɓa baki kawai, domin hukumar kare mallakar fasaha ta Afirka, OAPI, mai hedikwata a Yawunde, ta yi wa kilishin Nijar rajista a matsayin kayan da sunansa ke da kariya, tare da albasar Galmi.

To me ya sa naman ke wuya a cikin gida? Amsar tana cikin matsayin dabba a wurin manomi. Akuya asusu ce. Ita ake sayarwa a sayi hatsi idan rumbu ya ƙare kafin kaka, ita ake kaiwa kasuwa idan yaro ya kwanta asibiti ko biki ya taso. Ba a yanka ta don marmari. Manyan dabbobi kuwa, da yawansu daga kasuwannin mako-mako suke hawa mota zuwa kasuwannin kan iyaka irin su Jibiya da Mai'aduwa, daga can su wuce Kano da kudancin Najeriya. Girman wannan fatauci ne ya sa a watan Mayun 2025, gab da Babbar Sallah, gwamnatin Nijar ta dakatar da fitar da dabbobi zuwa waje domin kasuwannin cikin gida su wadata.

Lissafin a fili yake. Idan aka sayo rabin kilon nama aka yanka shi gunduwa-gunduwa ga gida mai mutum goma, kowa giram 50 zai samu, wato yanka ɗaya ko biyu, idan har rabon ya yi adalci. Amma idan aka niƙa wannan rabin kilon, aka soya shi da albasa da kayan miya, aka shimfiɗa shi a tsakanin dankali, duk lomar da mutum ya kai baki da nama a cikinta.

Girkin da talaka ya ƙirƙiro

Asalin dankalin turawa ba ƙasar Turawa ba ce. Mutanen tsaunukan Andis, a yankin da Peru da Bolibiya suke a yau, su suka fara noma shi shekaru dubbai da suka wuce. Sifaniyawa ne suka kai shi Turai a ƙarni na 16, kuma ya daɗe bai samu karɓuwa ba. A Faransa an yi ta zarginsa da jawo kuturta, ana ganin abincin dabbobi ne.

Wani masanin haɗa magunguna na rundunar sojan Faransa, Antoine-Augustin Parmentier, wanda ya rayu daga 1737 zuwa 1813, shi ya tsaya kai da fata wajen wanke dankali daga wannan zargi. An kama shi fursuna a ƙasar Furushiya lokacin Yaƙin Shekara Bakwai, aka ciyar da shi da dankali, ya fito da ransa da lafiyarsa. A 1772 tsangayar koyon likitanci ta birnin Paris ta amince cewa dankali abinci ne da ɗan Adam zai iya ci. Don tunawa da shi ne Faransawa ke kiran gashin dankali da nama da suna hachis Parmentier, sunan da duk wanda ya taɓa duba jerin abinci a manyan otal-otal na Yamai zai iya cin karo da shi.

Abin lura shi ne irin naman da aka saba yin sa da shi. Ragowar dafaffen naman jiya ne, a sassara shi ƙanana, a rufe da dankali, a mayar cikin wuta. Mutanen Ingila ma suna da irin nasu, wanda sunansa ya fara bayyana a rubuce tun 1791, kuma ma'anar sunan ita ce abincin bukkar talakan ƙauye. A Libiya, inda matasan jihar Maraɗi da yawa suka yi zaman ci-rani, akwai mubaɗɗan, wanda ake tsaga dankali a cusa niƙaƙƙen nama a tsakiya a soya. Kowace ƙasa da salonta, amma dabarar ɗaya ce.

Ga masu cewa wannan cimar baƙi ce, yana da kyau a tuna cewa gyaɗar da ta ɗaga darajar Maraɗi a zamanin Turawan mulkin mallaka daga nahiyar Amurka ta fito. Haka masara da rogo da tumatir da barkono. Hatta dankalin da muke kira na Hausa daga can ya zo. Yau babu mai kiran ƙuli-ƙuli ko miyar jajjage abincin baƙi, domin hannun matan ƙasar nan ya juya su har sun zama namu.

Dabarar sassara dafaffen nama ma ba sabuwa ba ce a ƙasar Hausa. Duk macen da ta iya dambun nama, wato ta dafa tsoka da kayan ƙamshi, ta daka a turmi, ta soya, ta riga ta iya rabin wannan girki.

Daga ina dankalin ke zuwa?

Dankalin turawa ba ya son zafi, shi ya sa bai zama amfanin gonar damina ba a ƙasar yashi irin ta Tasawa da Mayahi. A Nijar an fi noma shi da ban-ruwa a lokacin sanyi. Wuraren da suka yi fice su ne lambunan tsaunukan Abzin a jihar Agadas, irin su Tabelot da kan dutsen Bagzan, sai kuma Bonkuku a yankin Filinge. Akasarin irin da ake shukawa daga Turai ake shigo da shi. Ta ɓangaren Najeriya kuwa, tudun Jos ne matattarar dankali, daga can yake bi ta Kano ya tsallako iyaka.

Wannan na nufin mai saye a Tasawa yana biyan kuɗin dankali haɗe da kuɗin mota. Duk lokacin da aka rufe iyaka, kamar yadda Najeriya ta yi daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, ko lokacin takunkumin da ya biyo bayan juyin mulkin Yulin 2023, kayan gwari na cikin abubuwan da ke fara jin jiki. Lokacin da dankali ya fi araha shi ne ƙarshen sanyi, daga Janairu zuwa Maris, sa'ad da lambunan cikin gida ke haƙe nasu. Mai son gwada girkin ba tare da aljihu ya koka ba, wannan ne lokacinsa.

Wajen saye, a zaɓi mai tauri, mai santsin fata, wanda bai tsiro ba. A guji wanda ya yi kore, domin wannan launi alama ce cewa hasken rana ya taɓa shi, kuma yakan tara wani sinadari mai ɗaci da ke ɓata ciki. Idan wurin da ya yi koren kaɗan ne a yanke shi da kauri a zubar, idan ya mamaye dankalin a jefar da shi gaba ɗaya. A ajiye dankali a inuwa, wurin da iska ke ratsawa, ba a cikin leda a ɗaure ba.

Niƙaƙƙen nama ba ya jira

A nan ne ya kamata a fi mayar da hankali. Ƙwayoyin cuta a jikin nama galibi a samansa suke zama, shi ya sa wuta ke saurin kashe su a jikin tsire ko balangu. Amma da zarar an niƙa nama, abin da ke sama ya shige ciki, ya gauraya da ko'ina. Idan injin niƙan bai samu wanki mai kyau ba tun safe, ragowar naman da ya maƙale a cikinsa ya shiga naka.

Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar a dafa abinci har zafin cikinsa ya kai digiri 70 a ma'aunin salshiyos, kuma kada a bar dafaffen abinci a ajiye a fili fiye da awa biyu. A watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafi a jihar Maraɗi ke haura digiri 40, ko awa biyun ma ta yi yawa ga ɗanyen niƙaƙƙen nama.

Firji kuma ba abin dogaro ba ne ɗari bisa ɗari. Wani kaso mai yawa na wutar da Maraɗi da Damagaram ke sha yana zuwa ne ta layin da ya taso daga Katsina zuwa Gazawa, maƙwabciyar Tasawa. Mutanen yankin ba su manta da watan Agustan 2023 ba, lokacin da Najeriya ta katse wutar, ba ta dawo da ita ba sai a Maris na 2024.

Saboda haka hanya mafi aminci guda biyu ce. Ta farko, a je wurin mahauci da safe, a zaɓi tsoka mai ɗan kitse, a sa shi ya sassara ta da wuƙa a kan idon mai saye, a dawo gida a ɗora a wuta nan take. Ta biyu, wadda ta fi dacewa da gidan da babu firji, a dafa naman da albasa da citta da gishiri har ya yi laushi, a daka shi sama-sama a turmi mai tsabta kamar za a yi dambu, a ajiye romon a gefe. Wannan ita ce ta fi kusa da yadda Faransawa suka fara yin nasu, kuma romon zai yi amfani a gaba.

Washegarin Babbar Sallah, bayan an sauke ragunan da aka jera a jikin itace kewaye da wuta kamar yadda aka saba a Nijar, ƙananan tsokar da ke maƙale a haƙarƙari da wuya sun dace da wannan girki sosai. Naman akuya, na rago, na sa ko na raƙumi, duk suna yi.

Kayan haɗi na mutum takwas zuwa goma

Dankalin turawa kilo biyu. Nama rabin kilo. Albasa manya uku. Tumatir huɗu, tattasai biyu, attaruhu biyu ko gwargwadon yadda gida ke cin yaji. Karas biyu. Tafarnuwa da citta da masoro da ɗan kanumfari. Daddawa ƙwaya ɗaya ko biyu. Man gyaɗa ludayi ɗaya, man shanu cokali biyu. Madara kofi ɗaya, ƙwai biyu, gishiri. Idan ana so a ƙara auki, a tanadi dafaffen wake kofi ɗaya, sai kuma garin ƙuli-ƙuli marar yaji kamar cokali uku.

Yadda ake haɗawa

A fere dankali, a wanke, a yanka shi fale-fale. Kaurin kowane yanka ya kai kamar tsabar dala ashirin guda uku a haɗe, wato kusan rabin santimita. Yana da muhimmanci kaurin ya zo ɗaya, in ba haka ba wani zai narke wani bai nuna ba. A zuba a tafasasshen ruwa mai gishiri na minti biyar zuwa bakwai kawai, a tsame a kwando ya tsane. Ba a so ya dahu lugub a wannan mataki.

A ɗora man gyaɗa a wuta, a zuba yankakkiyar albasa, a bar ta ta yi laushi har ta fara canza launi. A zuba naman a baje shi a cikin tukunya, a ɗan ƙyale shi kafin a fara juyawa. Ɗanyen nama zai fitar da ruwa, a jira ruwan ya ƙone har a ji ya fara soyuwa, domin a nan ɗanɗanon yake. Sai a zuba dakakkiyar tafarnuwa da citta da masoro da kanumfari da daddawa, a biyo da jajjagen tumatir da tattasai da attaruhu, da karas da aka yanka ƙanana. A sa gishiri, a rage wuta, a bari har mai ya taso. Mai amfani da wake sai ta ɗan murmushe shi da bayan ludayi ta zuba a nan. Haɗin ya kasance da kauri, yana da danshi amma ba ya gudu. Idan ya yi tsululu, gashin zai zama fate.

A samu tasa mai zurfi ko tukunya mai kauri a shafe cikinta da mai. A jera kashi ɗaya cikin uku na dankalin a ƙasa, bakin wannan a kan bakin wancan, kamar yadda ake jera kwanon rufi. A barbaɗa ɗan gishiri. A zuba rabin naman a baje shi har gefe-gefe. A sake jera dankali, a zuba sauran naman, a rufe da dankalin da ya rage. Hawa uku na dankali ke nan, biyu na nama. A danna da bayan ludayi a hankali don ya zauna.

A kaɗa ƙwai biyu a cikin madara, a ƙara rabin kofi na romon nama idan akwai, a zuba a kai ta yadda zai ratsa ta gefuna. A ɗiga man shanu a sama, a barbaɗa garin ƙuli-ƙuli. Shi ne zai maye gurbin cukun kanti da ake gani a bidiyo, ya ba saman launi da ƙamshi. Cukun gargajiya na Buzaye da Fulani ba ya narkewa irin na kanti, amma mai so zai iya daka shi ya barbaɗa.

Wasu sun fi son a dafa dankalin ya yi laushi, a murƙushe shi da madara da man shanu, a shimfiɗa rabi a ƙasa, nama a tsakiya, rabi a sama. Wannan ya fi saurin gasuwa, kuma ya fi dacewa da yara da tsofaffi.

Idan babu na'urar gashi fa?

Mai na'urar gashi ta lantarki ko ta gas sai ya saita ta tsakanin digiri 180 zuwa 200, ya gasa na minti 40 zuwa 45, rabin farko a rufe, rabin ƙarshe a buɗe. Tun da matatar mai ta SORAZ da ke Damagaram ta fara aiki a 2011, tukunyar gas ta yawaita a birane, amma na'urar gashi har yanzu ba kowane gida ke da ita ba. Rashinta ba ya hana komai.

Hanya ta farko ita ce wuta sama da ƙasa. A yi jerin a cikin tukunya mai kauri irin wadda maƙera ke zubawa, mai marfin ƙarfe. A ɗebi garwashi a raba shi uku: kashi ɗaya a ƙasan tukunya, kashi biyu a kan marfi. Kuskuren da aka fi yi shi ne cika wuta a ƙasa, sai gindi ya ƙone sama bai ji komai ba. A riƙa juya tukunyar kaɗan duk bayan minti goma don zafi ya zagaya. Garwashin da ya rage bayan an sauke tuwo ya isa, ba sai an sayi gawayi na musamman ba.

Hanya ta biyu ita ce wadda masu yin kek a gida suka sani. A zuba yashi mai tsabta a gindin babbar tukunya, a ɗora a wuta ya yi zafi, a sa tasar gashin a kan yashin, a rufe ruf. A minti goman ƙarshe a ɗora garwashi a kan marfi don saman ya yi ja.

Ana gane ya nuna idan aka soka wuƙa a tsakiya ta shige ba tare da turjiya ba, kuma ƙwan ya kama jikinsa. A sauke a bar shi ya huta na minti goma zuwa sha biyar kafin a yanka. Wanda ya yi gaggawa zai ga ginin ya rushe a faranti.

Gargaɗi ɗaya ga 'yan ci-rani da ɗalibai da ke kwana da girki a ɗaki guda, musamman a ƙasashe masu sanyi: kada a hura gawayi a rufaffen ɗaki. Iskar da yake fitarwa ba ta da wari, kuma tana kisa.

Wa zai fi amfana?

Na farko su ne ƙananan yara. Jihar Maraɗi ta daɗe tana fama da matsalar tamowa da ƙarancin jini a tsakanin yara, duk da kasancewarta cikin manyan rumbunan hatsin ƙasar. Likitoci na ba da shawarar daga wata shida a fara haɗa wa jariri nono da wasu abinci, ciki har da nama da ƙwai. A kwanon da ake ci tare, yaro ɗan shekara ɗaya ba ya iya kokawar tsoka da yayyensa, ko ya samu ma ba ya iya taunawa. Niƙaƙƙen nama a cikin dankali mai laushi ya warware wannan. A ɗebe masa nasa kafin a sa attaruhu, a rage gishiri. Haka ma kaka ko kakan da haƙora suka yi wa sallama.

Na biyu su ne matasan da ke zaune nesa da gida. Samari shida ko takwas da ke haya ɗaki ɗaya a Tamanrasset, ko Kano, ko wata unguwa a Faransa, za su iya haɗa kuɗi su yi tukunya guda da za ta ishe su. A ƙasashen Larabawa da Turai dankali na cikin abinci mafi araha. Ɗan ƙullin daddawa da yaji da ƙuli-ƙulin da Inna ta cusa a jaka ranar tafiya sun isa su sa ɗakin ya yi ƙamshin gida.

Na uku su ne matan da ke sana'ar abinci ta waya. Wannan girki yana yankuwa daidai wa daida, don haka lissafin riba ba ya wahala, kuma ba ya zubewa a hanya idan ɗan kabu-kabu ya ɗauka. Sharaɗin dai shi ne a yi shi bisa oda, a kai shi da zafinsa, kada a sayar da kwantai.

Ba zai kori tuwo ba

Gaskiya ɗaya ce, wannan ba abincin kullum ba ne. Kilo biyu na dankalin turawa a lokacin da ya yi tsada zai iya sayen hatsin da zai ciyar da gida fiye da yini ɗaya, kuma gero ya fi dankali riƙe ciki da gina jiki. Babu mai cewa a ajiye tuwo da fura.

Amma dabarar ba ta tsaya ga dankalin turawa ba. Dankalin Hausa yana yi, kuma zaƙinsa na tafiya da yaji. Irin nan mai jan ciki ma ya fi, domin yana ɗauke da sinadarin da jiki ke mayarwa bitamin A. Kabewa tana yi idan aka haɗa ta da dankali don kada ta saki ruwa. Doya tana yi, rogo ma haka idan an dafa shi sosai tukuna. Abin da kasuwar wannan mako ta kawo da araha, shi za a jera.

Ranar da rabin kilo ya shigo gida, ana iya jefa shi cikin miya a bar yara da sa'arsu kamar yadda aka saba. Ana kuma iya sassara shi, a shimfiɗa shi hawa-hawa, a ɗora garwashi a kan marfi. Idan aka sauke aka sa wuƙa aka raba gida goma, abin da ke farantin maigida shi ne a farantin auta.